Kafin gona ta zama unguwa: yadda ake neman izinin sauya amfanin fili a Tawa, da yadda hukuma ke yanke shawara

Duk wanda ya san Tawa shekaru ashirin da suka wuce, idan ya fita ta hanyar Ƙonni ko ta hanyar Agadas a yau, zai tarar da katangu da harsashin gini a wuraren da ya saba ganin gero da wake da damina. Gari yana ta faɗaɗa, jami'ar da aka kafa a 2010 ta ƙara jawo jama'a, kuma kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa daga Abijan da sauran ƙasashe, da yawansu a sayen fili da gini suke ƙarewa. A cikin gari ma haka abin yake, domin zauren gida ya zama kanti, gidan zama ya zama makaranta mai zaman kanta ko ɗakin shan magani, lambu kuma ana son a tayar da shi a kafa gidan mai. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauya amfanin fili ne, kuma inda mutanenmu suka fi yin asara shi ne zaton cewa wanda ya mallaki ƙasa yana da ikon mayar da ita abin da ya ga dama. A dokar Nijar mallaka daban take, izinin sauya amfani daban yake. Mutum yana iya riƙe takardar mallaka wadda babu mai ja da ita, amma a hana shi yanka gonar zuwa filayen gini, ko a dakatar da gininsa bayan ya kai shi har taga.

Abu na farko da ya kamata mai nema ya sani shi ne wanda ke da hurumin amsa masa. Dokar da ke tsara ƙananan hukumomi, mai lamba 2010-54 ta 17 ga Satumba 2010, ta ba majalisar gari ikon tattaunawa da yanke shawara kan tsarin gari da dukiyar ƙaramar hukuma, ta kuma ɗora wa magajin gari aiwatar da abin da majalisa ta yanke. A tsarin wannan doka, majalisar tana yin zamanta na yau da kullum sau ɗaya a kowane wata uku, sarakunan gargajiya da 'yan majalisar dokoki suna halarta su ba da shawara amma ba su jefa ƙuri'a, kuma abin da aka yanke sai ya bi ta hannun wakilin gwamnati, perefe (shugaban gunduma) ko gwamna, ya duba ko ya dace da doka. Birnin Tawa yana da da'irori 2, Yamai kuma tana da 5, saboda haka akwai abin da ake ƙarewa a ofishin da'ira, akwai wanda sai an kai babban ofishin birni. A watan Afrilu na 2024 hukumomin ƙasa sun rusa zaɓaɓɓun majalisun garuruwa da na jihohi, suka naɗa kantomomin riƙo su tafiyar da al'amura, don haka tambayar farko da za ka yi a meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, ita ce wanda ke sa hannu a kan irin buƙatarka a lokacin da ka je. Ofisoshin fasaha da ke nazarin dosiye, wato tarin takardun buƙata, dai suna nan, kuma a wurinsu ne ake yin ainihin aikin.

Gano irin filin da kake da shi

Kafin ka rubuta ko da layi ɗaya, ka tabbatar da rukunin da filinka yake ciki, domin hanyar da za ka bi ta rataya a kan wannan. Idan farsel ce, wato filin gini ɗaya mai lamba, a unguwar da aka riga aka yanka, to akwai taswirar yankan a ofishin filaye na meri da kuma ofishin tsara birane na jiha, kuma a jikinta an nuna abin da aka ware wa kowane yanki: gidajen zama, kasuwanci, hanya, filin makaranta ko asibiti, wurin shan iska, maƙabarta. Ka je da lambar rukuni da lambar farsel da ke kan takardarka, ka roƙi a nuna maka wurin a taswira da idonka. Dokar tsarin birane mai lamba 2017-20 ta 12 ga Afrilu 2017 ita ce ginshiƙin wannan ɓangare.

Idan kuma gona ce a bakin gari ko a ƙauye, to maganarta tana ƙarƙashin dokar karkara mai lamba 93-015 ta 2 ga Maris 1993, wadda ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta rubuce, ta kuma kafa hukumomin filaye da jama'a suka fi sani da kofo. Akwai kofo ta ƙauye da mai gari ke jagoranta, akwai ta ƙaramar hukuma ƙarƙashin magajin gari, akwai ta gunduma ƙarƙashin perefe, kuma a cikinsu ana samun wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa tare da ma'aikatan noma, kiwo da gandun daji.

A nan ne jihar Tawa ta bambanta da wurare da dama, kuma a nan nake so mai karatu ya natsu. Tun 1961 doka ta ja iyakar noma ta arewa, kuma wannan iyaka ta ratsa jiharmu. Abin da ke arewa da ita yankin kiwo ne. Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara tabbatar da iyakar, ta kuma sanya burtali, makiyaya, masaukin dabbobi da mashayarsu cikin dukiyar al'umma wadda ba a sayarwa, ba a kuma mallakarta komai daɗewar mutum a kai. Wanda ya sayi fili a kan burtali bai sayi komai ba, ko da shaidu goma ne suka sa hannu, kuma babu majalisar gari da ke da ikon halatta masa shi. Haka yake ga hanya, da bakin ƙorama, da filin da aka ware wa makaranta. Yamai ta ba mu darasi a fili: dajin da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye birnin ya kare shi daga iska da ƙura, mai faɗin kusan hekta 2500, yankan filaye ya cinye babban ɓangarensa, kuma mutane da dama da suka saya a ciki da kyakkyawar niyya sun wayi gari cikin rigima da hukuma. Haka kuma, idan a gonar akwai gawo ko wasu itatuwan da doka ta kare, sare su yana buƙatar izinin ma'aikatan gandun daji, izinin meri bai isa ba.

Warware maganar mallaka tun daga gida

Babu hukumar da za ta duba buƙatar sauyi a kan filin da ake jayayya a kansa. Idan gonar gado ce, a fara zama da duk magada, har da mata da waɗanda ke ci-rani, a raba ko a amince a rubuce cewa wane ne zai nema da yawun kowa. Na ga gidan da babban wa ya kai dosiye shi kaɗai yana cewa ai shi ne uba a yanzu, aka yi nisa har an fara awo, sai ƙanwarsa da ke aure a wani gari ta ji sanarwa a rediyo ta zo ta ce ba a tuntuɓe ta ba. Aiki ya tsaya cik, kuma gaskiya tana tare da ita. Da ya je ya same ta tun farko ya ce, "Ƙanwata, ga abin da muke son yi, mene ne ra'ayinki?" da kuɗin awo bai salwanta ba, da zumunci ma bai taɓu ba.

Haka nan a duba ko gonar tana hannun wani a matsayin aro, haya ko jingina, domin wanda ke nomanta yana da haƙƙin a sanar da shi, kuma adalci ne a bar shi ya kwashe amfaninsa. Daga nan sai a nemi takardar shaidar mallakar gargajiya, ko ta saye, ko ta kyauta, daga kofo. Kofo ba ta bayarwa sai ta yi shela a kasuwa, a masallaci ko a rediyo, ta fita ta ga iyakoki a gaban maƙwabta. Wanda ke da niyyar babban aiki, gara ya ci gaba har ya sami cikakkiyar takardar mallaka daga ofishin da ke rajistar filaye a ma'aikatar haraji. Akwai ma sauƙaƙƙen nau'inta da ake kira Sheda. Ita kuwa farsel ta cikin gari, takardar da meri ke bayarwa lokacin sayarwa ce hujja, amma a tabbatar an sauya sunan da ke kanta zuwa na mai nema, domin da yawa suna riƙe da takardar da ta bi hannu uku tana ɗauke da sunan mai ita na farko.

Haɗa dosiye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Dosiyen da ya cika tun ranar farko yana tafiya, wanda bai cika ba kuma yana kwanciya a cikin kabad ba tare da kowa ya ƙi shi ba. A bisa al'ada ana buƙatar wasiƙar nema da Faransanci mai ɗauke da tambur (kan sarki na haraji), zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, da kofin katin shaida, da kofin takardar mallaka wanda aka buga wa hatimin tabbatarwa, da taswirar da ke nuna inda filin yake a cikin gari, da wadda ke nuna yadda za a zaunar da gini a cikinsa, da zanen ginin da ƙiyasin kuɗinsa. Awon fili aikin mai awo ne da hukuma ta amince da shi, zane kuma a ba wanda ya iya, domin zanen da ba ma'auni a jikinsa ba ya amsa tambayar kowa. A cikin wasiƙar ka faɗi gaskiyar abin da kake nufi. Wanda ya nemi izinin gidan zama alhali gidan burodi yake son buɗewa, ranar da hayaƙi ya tashi maƙwabta suka kai ƙara, takardarsa ba za ta kare shi ba.

Duk kuɗin da za ka biya, ka biya a wurin ma'ajin hukuma ka karɓi resi, kuma ka nemi a rubuta maka lamba da ranar da aka karɓi dosiyenka. Kuɗin da aka miƙa a ƙarƙashin bishiya ga wanda ya ce ya san hanya ba ya cikin lissafin kowa, kuma ranar da magana ta tashi ba ka da abin nunawa.

Girman abin da kake nema shi ke nuna nisan tafiyar. Gini ko gyaran gini a farsel yana ƙarewa da izinin gini da shugaban ƙaramar hukuma ke sa wa hannu bayan ma'aikatan fasaha sun ba da ra'ayinsu. Sana'o'in da ke da haɗari ko suke takura wa maƙwabta, irin su gidan mai, ma'ajiyar gas ko masana'anta, suna da nasu izinin dabam daga ma'aikatar da abin ya shafa, kuma manyan ayyuka suna bin dokar tantance muhalli mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018, wadda ofishin ƙasa na tantance muhalli ke kula da ita. Yanka gona ta zama unguwa kuwa shi ne mafi nauyi, domin amincewar ƙaramar hukuma kaɗai ba ta wadatar. Taswirar yankan sai ta bi ta ofishin tsara birane, ta kai ga ma'aikatar da ke kula da birane ta amince. Mai gonar da ya kira mai awo ya kafa duwatsu ya fara sayarwa kafin wannan amincewa, matsala yake sayar wa mutane. Idan hukuma ce da kanta ta yanka, an saba biyan masu gonaki da wani kaso na farsel, kuma wannan yarjejeniya a rubuta ta, da lambobin farsel ɗin, kafin a kafa dutse na farko.

Abin da ake aunawa

Idan dosiye ya shiga, ofishin filaye yana fara duba rajista ya ga ko filin na mai nema ne, ko kuma an taɓa ba wani. Sai a gwada buƙatar da taswirar tsarin gari da shirin raya ƙaramar hukuma: shin abin da ake nema ya dace da abin da aka ware wa yankin? Daga nan sai a fita a ga wuri, domin gani ya kori ji. Ranar fitar, ka kasance a wurin da kanka, duwatsun iyaka a bayyane, mai unguwa ya sani, maƙwabta kuma an gaya musu.

A ganina babu tambayar da ta kai ta ruwa muhimmanci, kuma ita ce masu nema suka fi rainawa domin da rani suke sayen fili. A watan Satumba na 2020 kogin Kwara ya kai mita 7 a Yamai, ya karya madatsai ya shiga unguwanni irin su Saga da Kirkisoye da wasu sassan Harobanda, kuma damina ta 2024 ta sake rusa gidaje a faɗin ƙasa. Tawa ba ta da kogi, amma tana da ƙoramu da tabkuna da kwari inda ruwan tuddan Adar ke taruwa cikin sa'o'i kaɗan. Katanga ɗaya da aka gitta a hanyar ruwa tana iya juya shi zuwa gidajen laka goma da ke ƙasa da ita. Saboda haka idan ma'aikaci ya ce wurin nan kwari ne, kada ka ɗauke shi maƙiyi. Ka tambayi tsofaffin da suka noma wurin inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta, za su nuna maka da sanda.

Bayan ruwa sai hanya: faɗinta, ko motar 'yan kwana-kwana za ta iya shiga, ko masu zuwa kanti za su tare titi da babura da motoci. Ana duba tazara daga manyan wayoyin kamfanin lantarki na NIGELEC da bututun ruwa, da inda ƙazanta da ruwan wanka za su bi, da kusanci da makaranta, asibiti ko rijiya. A yankan unguwa ana duba ko an bar isasshen wuri don hanyoyi, makaranta, ɗakin shan magani, kasuwa da masallaci, domin mai yanka yana ganin kowane taku kuɗi ne, hukuma kuwa ita za a zo wa da kuka bayan shekara goma idan yara ba su da inda za su yi karatu. Idan gona ce mai kyau, musamman fadama ko lambun rani, wakilan noma suna da ikon cewa asarar ta fi ribar, wakilan makiyaya kuma za su tambayi ta inda dabbobi za su bi su kai ga ruwa.

Ga manyan buƙatu ana buɗe binciken jin ra'ayin jama'a, inda ake sanarwa a kuma ajiye littafi na wani lokaci don duk mai goyon baya ko mai ƙorafi ya rubuta. Wannan dama ce ga maƙwabci kamar yadda take jarrabawa ga mai nema. Wanda ke da ƙorafi ya rubuta shi da sunansa da dalilinsa a cikin wa'adi, kuma ya tsaya kan abin da hukuma ke iya aunawa: hayaƙi, ƙara, ruwa, haɗarin wuta, toshe hanya. Tsohuwar gaba tsakanin gidaje ba hujja ba ce a wannan littafi. Shi kuma mai nema, hikima ita ce ya riga sanarwa zuwa. Ya je wurin mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da nake shirin yi, ina so ka ji daga bakina," ya zaga maƙwabta da zanensa a hannu, ya saurari abin da ke damunsu. Sau da yawa sauya inda ƙofa ke kallo, ko matsar da injin nesa da katangar wani, yana kashe ƙorafin da zai iya riƙe dosiye wata da watanni.

Duk waɗannan ra'ayoyi ake tarawa a kai gaban kwamitin da ke kula da filaye da tsarin gari, sannan gaban masu yanke shawara. Amsa takan zo ta fuska uku: an amince, an amince da sharaɗi, ko an ƙi, wani lokaci kuma a dawo da dosiye a ce a cike abin da ya rage. Amincewa da sharaɗi ita ce aka fi samu a harkar da ke da maƙwabta, kamar a ce a ja gini baya, a gina magudana, ko a bar wurin ajiye motoci. Sharaɗin ɓangare ne na izinin, wanda ya tsallake shi kamar bai sami izini ba ne.

Idan an ƙi, da kuma idan an amince

Wanda aka ƙi wa ya nemi amsar a rubuce tare da dalili, domin maganar baki ba a ɗaukaka ƙara da ita. Idan dalilin na fasaha ne, a gyara zane a sake nema, wannan ya fi sauri da araha. Idan kuma mai nema yana ganin an saɓa doka, ya fara rubuta wa hukumar da ta yanke ta sake dubawa, ya sanar da wakilin gwamnati da ke sa ido a kanta, sannan kotun da ke shari'a tsakanin ɗan ƙasa da hukuma. Waɗannan matakai suna da wa'adi gajere da ke fara ƙirguwa daga ranar da aka miƙa maka amsa, don haka a ga lauya da wuri. Idan rigimar ta mallakar gona ce ko ta iyaka, dokar karkara ta sa a fara da sulhu a gaban sarki, a rubuta takardar sulhu ko ta rashin sulhu, da ita ake zuwa kotu. Idan kuwa gwamnati ce ke son filin don amfanin jama'a, wannan wata hanya ce dabam, wadda wata dokar 1961 da aka gyara a 2008 ta tsara, kuma ta wajabta biyan diyya kafin karɓa.

Wanda aka amince wa ya karanta takardar har ƙarshe, ya lura da wa'adin fara aiki, ya ba magini kofin zanen da aka buga wa hatimi, ya ajiye wani kofin a wurin aiki don masu zagayen bincike. Idan a tsakiyar gini ra'ayi ya sauya, aka so ƙara bene ko mayar da ɗakuna shaguna, a koma meri kafin a ɗora bulo. Bayan an gama, a nemi a zo a duba a ba da shaidar cewa ginin ya dace da izini, a kuma kai sabon matsayin filin ga ofishin rajista da na haraji domin takardu su yi daidai da abin da ke ƙasa. Ɗan ci-ranin da ya wakilta ɗan'uwansa ya ba shi wakilci a rubuce, ya sa a turo masa hoton kowane resi da kowace takarda ta WhatsApp, kuma sunansa ne zai kasance a kan izinin. Asalin takardun kuma a adana su a cikin leda a akwatin ƙarfe, nesa da gara da ɗigon damina, a ba wani amintacce kofi ya ajiye a wani gida.